Laifi ya ragu a birni, ko ƙauye aka koro mana shi?

Sale Mai Taki: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ni fa abin ya ishe ni. Jiya Juma'a bayan magariba an tare ɗan achaɓa a kwanar rafi yana dawowa daga kasuwar Wudil, an sare shi a kafaɗa, an tafi da babur. Tun da aka kwashe amfanin gona ba a yi mako biyu lafiya a kwanar nan ba. Amma ka kunna rediyo sai ka ji masana suna ta bayanin wai kashe-kashe da sare-sare suna raguwa a manyan biranen duniya. Raguwar me? Koro mana shi aka yi. An matsa wa 'yan daba a birni, wasu an ce tubabbu ne an sallame su, sun tattaro sun yo ƙauye inda ba ɗan sanda ba fitila. Mai ja ya fito.

Alaramma: Wa alaikumus salam. Allah ya ba yaron lafiya, ya mayar masa da mafi alheri.

Dakta Nura: Amin, Allah gafarta Malam. Kawu Sale, raguwar gaskiya ce. A birnin Niyok na Amurka an kashe mutum 2,245 a 1990, a 2017 kuma 292, alhali jama'ar birnin ƙaruwa suka yi. A Medelin ta Kolombiya an kashe sama da mutum 6,000 a 1991 kaɗai, yanzu ba a kai kashi ɗaya cikin goma na haka. Kuma ba da yawan gawa ake auna abin ba, da mutum dubu ɗari ake aunawa. Garin mutum 20,000 da aka kashe huɗu ya fi birnin mutum miliyan huɗu da aka kashe 400 haɗari, ninki biyu ma. Batun kora kuwa an gwada shi. A Jersey City ta Amurka 'yan sanda sun matsa wa wurare biyu, ɗaya na ƙwaya ɗaya na karuwanci, aka zuba ido kan layukan da ke kewaye a ga ko abin zai koma can. Bai koma ba, su ma layukan sauƙi suka samu. Dalili, mai laifi yana buƙatar wurin da ya sani, hanyar gudu, da mai sayen kaya. Yaron da ya haddace lungunan cikin badala bai san burtalin garinmu ba. Wanda ya tare babur a kwanar rafi ya san ranar kasuwa, ya san wanda ke dawowa shi kaɗai, ya san inda zai kwantar da babur kwana biyu. Wannan sanin na kusa ne.

Abba Jar Hula: Dakta dakata tukuna. Kawu Sale, me kake nufi da "an ce tubabbu ne"? Wato ba su tuba ba ke nan? A 2023, zamanin Kwamishina Usaini Gumel, matasa sun fito da ƙafarsu sun ajiye adda da wuƙa gaban jama'a. Wannan ba tuba ba ce?

Baba Insifeto: Ɗana Abba, babu wani abu wai shi tubabben ɗan daba, akwai dai wanda ya ji wuta. Wanda ya kawo tsohuwar adda ya ajiye, sabuwar tana ƙarƙashin katifa. Har kakin 'yan sandan sa-kai aka sa wa wasunsu, kowa ya ji surutun da ya biyo baya. Kano ta ga aiki a 2019 lokacin Kwamishina Muhammad Wakili. Maza ƙwaya mata ƙwaya, ya bi dilolin har inda suke, gari ya yi tsit.

Abba Jar Hula: Baba, da girmanka, watanni kaɗan Singham ɗin, wato Wakili, ya yi a kujerar ya yi ritaya. Kuma a shekarar aka yi zaɓen Gama, kowa ya ga abin da 'yan daba suka yi da rana tsaka. Tsit ɗin ke nan?

Lawan na Dagaci: To ga ta nan, an shigo da ita. Abba, kowace jam'iyya tana da yaranta ranar zaɓe, har da taku. Kada ka sa a fara lissafi.

Abba Jar Hula: A fara mana, Yaya Lawan. Wa ya tsorata?

Alaramma: Ku bar siyasa ku dawo kan tuba, tunda ita kuka ɗauko. Tuba tana da sharuɗɗa: nadama, barin laifin, ƙudurin ba za a koma ba, in kuma akwai haƙƙin wani a mayar masa. Wanda ya ajiye wuƙa bai mayar da wayar da ya ƙwace ba, bai nemi yafiyar wanda ya sara ba, ya cika uku ko da ya cika, saura na huɗu. Amma kuma Insifeto, cewa babu mai tuba kwata-kwata maganar ta yi nauyi. Ƙofar tuba ba a hannunmu take ba.

Baba Insifeto: Allah gafarta Malam, ni ba tubar lahira nake magana ba, ta caji ofis nake nufi.

Dakta Nura: Ita ta caji ofis ɗin ma tana da tsari, Baba, kuma inda aka bi tsarin ta yi aiki. A Boston ta Amurka a 1996 sun fara ne da bin fayil ɗin kowane kisa na matasa, sai suka ga ƙungiyoyi 'yan kaɗan ne ke da mafi yawansa. Aka kira yaran ɗaki guda, ga 'yan sanda, ga masu gabatar da ƙara, ga malaman addini da mutanen unguwa. Aka faɗa musu abu biyu. In ɗayanku ya sake harbi, duk ƙungiyarku za mu bi, da kowane tsohon laifi da ke kan kowa. In kuma kuna son fita, ga horo ga hanyar aiki. Kisan matasa ya faɗi da kusan kashi biyu cikin uku. Abin da ke lalata irin wannan shirin shi ne a yi taron a ɗauki hoto a watse. Ba a cika alkawarin aikin ba, ba a cika na hukuncin ba. Yaro na farko da ya karya sharaɗi ya kwana gida lafiya, shi ke nan shirin ya mutu, sauran sun gane. Ita kanta Boston da ta saki shirin bayan 'yan shekaru, kisan ya sake hawa.

Lawan na Dagaci: Boston ba Kurna ba ce, Dakta.

Dakta Nura: To ga Monrobiya ta Laberiya, Yaya Lawan, talaucinsu bai gaza namu ba. An ɗauki matasa 999 daga masu sata da dillancin ƙwaya da tsoffin 'yan tawaye. Wasu an ba su horon mako takwas kan danne fushi, tsara gobe, da gyara shiga da mu'amala. Wasu an ba su dala 200. Wasu duka biyun, wasu ba komai. Kuɗi zalla bai daɗe yana tasiri ba. Waɗanda suka samu horo da kuɗi tare, bayan shekara goma laifinsu ya ragu da kusan rabi. Saboda haka raba jari kawai ba tuba ba ce, tara mutane a yi musu wa'azin yini ɗaya ma ba ita ba ce.

Baba Insifeto: Duk wannan dogon turanci ne. Niyok ɗin da ka fara da ita, me ya gyara ta? 'Yan sanda. An ɗauki dubbai tun zamanin magajin gari Dinkins, shugaban 'yan sanda Bratton ya zo a 1994 ya kafa taswirar laifi, kowane shugaban shiyya ya tsaya gaban manya ya yi bayanin abin da ya faru a yankinsa. Ga El Salbado nan, tun Maris 2022 shugaban ƙasa Bukele ya kwashe sama da mutum 70,000 ya kulle, ƙasar da ta fi ko'ina kisa ta zama wurin yawo da dare. Bai tambayi kowa ya tuba ba.

Barista Auwalu: Baba, taswirar na yarda da ita, kwasar ce ban yarda ba. A Niyok ɗin, a 2011 'yan sanda sun tare mutane a titi sun caje su sau kusan 685,000, kusan tara cikin goma ba a same su da komai ba. A 2013 kotu ta ce yadda ake yin abin ya saɓa wa tsarin mulki. Zuwa 2016 tarewar ta dawo wajen 12,000, kisa kuma bai tashi ba, ci gaba ya yi da sauka. San Diyego ta Amurka ba ta bi salon Niyok ba, laifi ya faɗi. Kanada ba ta cika gidajen yari kamar Amurka ba, laifi ya faɗi a shekarun nan dai. El Salbado kuma gwamnatin da kanta ta saki dubbai da aka kama ba su ji ba ba su gani ba. In aka fara kwasa a nan, ɗan wa za a kwasa? Ɗan mai taki da ɗan mai faci, ba ɗan mai jam'iyya ba. Sashe na 35 na tsarin mulki ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin yini ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu kwana biyu. Abin da ke tsorata mai laifi tabbacin za a kama shi ne, ba tsawon ɗaurin ba.

Baba Insifeto: Ku lauyoyi ku ne kuke fito da su beli kafin jinin wanda aka sara ya bushe.

Barista Auwalu: Beli alƙali ke bayarwa, Baba. Kuma shari'ar da ke rushewa yawanci fayil ne ya zo ba shaida, ko mai ƙara ya gaji da zirga-zirga, ko dangi sun je sun yi sulhu a zaure.

Anti Rabi: Ku yi haƙuri in sa baki. Duk kuna faɗa kan tuba, ba wanda ya tambayi inda ake samun lissafin. Littafin caji ofis yana nuna wanda ya kai ƙara ne kawai, kuma binciken Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na Disamba 2024 ya nuna mafi yawan waɗanda aka yi wa fashi a gida ba sa kaiwa. Wanda aka sara kuwa dole ya nemi ɗinki. Littafin ɗakin gaggawa shi ne ma'auni: rana, lokaci, wurin da abin ya faru, makami, sashen jiki. A Kali ta Kolombiya magajin garin da aka zaɓa a 1992 likita ne, Rodrigo Guerrero. Da ya tattara irin wannan lissafin sai ya ga kisa ya taru a ƙarshen mako da ranakun albashi da wuraren shan giya, ya taƙaita lokacin sayar da ita, ya hana yawo da bindiga a ranakun. Abu na biyu, wani ɓangare na raguwar kisa a birane asibiti ne ya kawo shi. Sara ɗaya ne, na birni ya isa tiyata cikin minti ashirin ya rayu, namu ya zubar da jini a bayan a-kori-kura. In an sari mutum, a danna tsumma mai tsabta kan ciwon da ƙarfi, kada a ɗaga a leƙa, in ya jiƙe a ɗora wani a kai. Kada a zuba ƙasa ko toka ko man birki. Wuƙar da ta maƙale a jiki kada a zare ta. Ko harbin bindiga ne, dokar 2017 ta wajabta wa asibiti ya karɓi mutum ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba.

Abba Jar Hula: Allah ya saka, Anti. Amma Baba Insifeto bai janye maganarsa ba. Ya ce babu tubabbe.

Baba Insifeto: Ba zan janye ba. Kawo min sunan guda goma da suka shekara biyu ba su koma ba.

Abba Jar Hula: Kai ma kawo goma da suka koma.

Sale Mai Taki: Jama'a ni fa ba tuba na tambaya ba. Cewa na yi an koro mana su. Kuma Dakta, ka ce sanin na kusa ne, wato 'ya'yanmu ne ɓarayin?

Lawan na Dagaci: Ba sai namu ba, Kawu. Babur ɗin da aka ƙwace nan kafin asuba ya tsallaka Jigawa. Kowa ya san haka.

Malam Ibrahim Ɗan Dutse: Kowa wa, Lawan? Ka taɓa kama ɗaya a wajenmu? Jigawa tana cikin jihohin da suka fi zaman lafiya a Arewa maso Yamma, wannan ba a ja. Damuwarmu rikicin manoma da makiyaya ne a wajen Guri da Kirikasamma lokacin kaka, ba daba ba. Daba sana'ar Kano ce, ku riƙe kayanku.

Lawan na Dagaci: To shanun da ake kaiwa Maigatari ranar Alhamis duk da takardarsu?

Malam Ibrahim Ɗan Dutse: Na karar Wudil fa, duk da tasu? Ka janye, ko ka kawo hujja.

Barista Auwalu: Ku bar iyakar jiha, ku kama mai saye. Ba mai sarar mutum don babur in ba shi da inda zai kai shi. Karɓar kayan sata da sani laifi ne mai zaman kansa a kundin Penal Code. Kowane mai babur ya rubuta lambar inji da ta shasi a takarda ya bar ta gida tare da rasit, ba a ƙarƙashin kujerar babur ba. Mai waya ya danna *#06#, lamba 15 za ta fito, ya rubuta ya ajiye. Ba tare da waɗannan ba, ko an gano kayan ba ka da abin da za ka nuna naka ne.

Injiniya Musbahu: Kawu Sale ya faɗi kalma ɗaya da kowa ya tsallake: fitila. A 2016 an gwada a rukunin gidajen gwamnati na Niyok, wasu aka kafa musu manyan fitilu wasu aka bar su, manyan laifukan dare a waje suka ragu da sama da kashi ɗaya cikin uku inda aka haska. A Filadelfiya ta Amurka fegin da aka yi watsi da shi kawai aka share, aka kwashe bola, aka dasa ciyawa aka yi ɗan gajeren shinge, harbe-harbe suka ragu da kashi 29 cikin 100 a unguwannin da suka fi talauci. Kwanar rafi tsawonta bai wuce a rufe shi da fitilar sola shida ba: turke mai tsawon mita shida, tazarar mita 25 zuwa 30, a zuba masa kankare. A sayi mai haɗe da batir a sama, don batirin da aka sa a akwati a gindin turke ba ya wata guda. A duba girman batirin, ba lambar wat da aka buga a kwali ba, ƙaramin batir ƙarfe biyun dare ya mutu, lokacin da aka fi buƙatarsa. Da hunturu a goge fanel duk mako biyu, ƙura tana cinye caji. Sannan a sare sabarar da ta rufe kwanar ta ɓangarorin biyu. Kuɗin sintiri na 'yan watanni ya isa a fara.

Kwamanda Idi: A'a Injiniya, nan kam ka taɓo ni. Kuɗin sintiri wanne? Wanda rabin gari ba sa biya? Yaran nan suna fita da tocila da gora da usur, takalmin ruwa ma babu. Fitila tana kama ɓarawo ne? Kuma wa ke sayar da sola a garin nan in ba kai ba?

Injiniya Musbahu: Yaya Idi, a saya a Sabon Gari a ba wani ya kafa, ni ba ruwana. Amma a karanto mana lissafin kuɗin sintiri na bara tukuna.

Kwamanda Idi: Lissafi yana wajen Sakatare, kowa ya je ya gani. Aikin ma ba yadda kuke zato yake ba. Ba zagaye gari ake yi har asuba ba, wannan gajiya ce kawai. Wurare huɗu ne: kwanar rafi, bayan makarantar firamare, tashar babura, da kangon bakin kasuwa. Mutum huɗu a tawaga, ba a rabuwa. A tsaya minti 10 zuwa 15 a wuri a wuce, a dawo lokacin da ba a zata ba, kada a maimaita jerin jiya. Ranar kasuwa a fara tun la'asar sakaliya, don masu tarewa magariba suke so, lokacin da kowa ke masallaci. 'Yan achaɓa su taho uku-uku daga Wudil. Wanda aka kama a rubuta sunansa da abin da aka same shi da shi gaban shaidu biyu, a miƙa wa DPO a daren. Inda ake samun matsala shi ne duka. Da an fasa wa mutum kai, shari'ar ta juya kan ɗan sintiri, ɓarawo ya zama mai ƙara.

Dakta Nura: Abin da Kwamanda ya faɗa shi ne abin da bincike ya samu. A Miniyapolis ta Amurka kashi 3 cikin 100 na adireshin birnin su suka jawo rabin kiran da aka yi wa 'yan sanda. Laifi a wurare kaɗan yake taruwa, a hannun mutane kaɗan, yawanci samari daga shekara 15 zuwa 29. Amma kada a ce abu ɗaya ne ya saukar da shi a birane. A Amurka kasuwar hodar iblis ta kan titi ta lafa a shekarun 1990, aikin yi ya ƙaru, masu tsufa sun ƙaru. Akwai masu danganta wani kaso da cire dalma daga man fetur, don gubarta tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro, mu da muka ga abin da ta yi wa yaran Zamfara a 2010 ba ma raina ta ba, ko da yake masana suna ja kan girman kason. Kuma saukar ba ta da garanti: a 2020 kisa ya tashi da kusan kashi 30 cikin 100 a Amurka cikin shekara ɗaya, sannan ya sake sauka sosai a 2023 da 2024.

Baba Insifeto: Ka ji ko. A 2020 ɗin ai lokacin da aka sa 'yan sanda gaba da zanga-zanga ne suka ja baya.

Barista Auwalu: Kuma lokacin korona ne, makarantu a rufe, aiki ya tsaya, an sayi bindigogi fiye da kowace shekara kafin ta. Kada a ɗauki ɗaya a bar uku, Baba.

Abba Jar Hula: Har yanzu dai ba a janye "babu tubabbe" ba.

Sakatare: Jama'a dare ya yi, bari in taƙaita abin da zaure ya cimma. Na ɗaya, bincike ya nuna cewa sintiri a wuraren da aka sani yana taimakawa wajen rage laifi, kamar yadda Kwamanda ya bayyana kuma Dakta ya gaskata. Na biyu, batun tubabbu an bar shi ga Allah da hukuma, amma mafi yawan dattawa suna tare da Baba Insifeto. Na uku, maganar fitila tana da kyau, sai dai ba yanzu ba, tunda an nuna batir ake sacewa. Na huɗu, ba a samu hujja kan Jigawa ba, amma a ci gaba da sa ido. Saboda haka duk gidan da ake bi kuɗin sintiri ya kawo kafin Juma'a mai zuwa, za a karanta sunayen waɗanda ba su biya ba bayan sallar Juma'a.

Injiniya Musbahu: Sakatare, ban ce ana sace batirin da ke sama ba, na gindi na ce. Gyara na ukun.

Anti Rabi: Kuma littafin asibiti bai shiga taƙaitawar ba ko da layi ɗaya. Wa zai je ya nemi izinin shugaban asibiti a ciro lissafin sara na wata shida, a ga ko kwanar rafin ce ma ta fi?

Barista Auwalu: Dattawa nawa ne suka yi magana da har aka samu mafi yawa? Alaramma bai goyi bayan Baba ba. A gyara na biyun, sannan a liƙa lissafin kuɗin bara a ƙofar ofis kafin a karanta sunan kowa.